Kumfar Sabulu a Ibadan

Kuɗin motata tunkiyar Inna ce. Ranar kasuwar Gwandu ta sayar da ita, ta ƙulle mini kuɗin a bakin zane, ta ce, "Ka dawo da sana'a a hannu." Haka na faɗa Ibadan, garejin wani Bayarabe da muke kira Oga.

Satin farko na ji ana ta "manifol, manifol." Wallahi na ɗauka wani Mani Bafulatani ake nema! Ku yi dariyarku. Ashe bututun ƙarfe ne da ke raba wa inji iska. Mai gidan haya kuwa, kullum sai ya ce na ƙarar da ruwan rijiya da alwala. Na ce, "Baba, sau biyar ne fa." Ya ce, "Ka maida shi uku!"

A shekarata ta huɗu aka turo wata tirela cike da shanu, tana baƙin hayaƙi, ta kasa hawan tudu. Direban ɗan Kalgo ne, Ɗanjuma. Rana ta take, saniya biyu har sun kwanta. Oga ya ce famfon mai ne, aikin kwana biyu.

Ni kuwa da aka taka totur na ji wani ɗan huci a gefen inji.

"Oga, iska ke fita."

"Kai ka koya mini aiki?"

"A'a, a dai ba ni sabulu."

Na kaɗa ruwan sabulu, na shafa inda manifol ya haɗu da kan inji, na ce Ɗanjuma ya taka. Sai kumfa bul-bul-bul! Gaskit ne ya tsage, faifan da ke toshe tsakaninsu.

Saura samunsa. Oga ya ce sai babbar kasuwa, can ƙarshen gari. Na tuna wata Iya mai sayar da tsofaffin kayan mota, layi biyu bayan garejinmu, inda nake sayen alale. Na kai mata tsagaggen, ta zazzage buhu har ta ciro irinsa. Kafin la'asar shanu sun kama hanya, ba wadda aka yanka.

Oga bai ce na kyauta ba. Washegari dai ya miƙo mini akwatin sifanoninsa.

Da na dawo gida, Ɗanjuma ya riga ya baza labarina a tashar Kalgo, shi ya sa na kafa rumfa nan. Inna ta zo ta duba hannuwana, baƙi ƙirin da mai, ta ce, "To, wanke, tuwo na hucewa."