Gonar Inabi a Bordo

A tashar motocin Makka da ke Sharafiyya, wata dattijuwa mai shirin umra ta ji na kusa da ita yana waya da Faransanci. Da ya gama, ta juyo.

"Bawan Allah, ka san Faransa?"

"Shekara tara na yi can, Hajiya."

"Ɗana Zaharadden yana Bordo, a gonar inabi."

"Can na yi aiki, can na baro lafiyar bayana. Ƙasar tsakuwa ce a bakin kogi, inabi iya ganinki. A Satumba ake yanka, da almakashi, a durƙushe. A matse, a zuba a gangar katako, ya shekara biyu. Duniya duk ta san jar giyarsu."

"Giya? Shi inabin ci yake nomawa."

"Haka na gaya wa mahaifiyata. Inabin can ƙanana ne, masu kaurin fata, ba a kai su kasuwa."

"Shi fa ya turo ni umrar nan."

"Ni ma na turo tawa. Har ta rasu ba ta sani ba."

"To ni me na yi maka?"

Direba ya ɗaga murya: "Makka, saura ɗaya, yalla!"

Mutumin ya hau. Ita ba ta tashi ba.