Tayar Zafi a Watan Nuwamba

A wani shagon taya a Handsworth, wata dattijuwa ta ji matashin da ke gabanta yana waya da Hausa. Ta leƙa tayar da ya zaɓa.

"Ɗana, wannan ai tayar summer ce, ta lokacin zafi. Nuwamba fa muke ciki."

"Mama, an ce ita ta fi riƙe titi in ana gudu."

"Da zafi ba. In sanyi ya sauko robar daskarewa take yi, ka taka burki mota ta ƙi tsayawa. Ina za ka da gudu haka?"

"Manchester. Matata na Ardwick, haihuwa yau ko gobe. Mu a Kano ai ba ruwan taya da sanyi, sai ta suɗe ake canzawa."

"Sa all-season, mai aiki zafi da sanyi. Jaririn nan ba gudunka yake jira ba, isowarka yake jira."

"To Mama, na fasa. Allah ya saka da alheri."

"Ni ce da godiya. Nawa ɗan kullum yana kan hanyar nan. In na yi magana sai ya ce, 'Mum, relax.' Na manta rabon da wani ya ce min 'to Mama'."