Wadda Ta Ce In So Jikina Ta Koma Tallan Maganin Ƙiba

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hadiza daga Gwadangaji.

Ni siririya ce tun haihuwa. Duk bikin da na je gida Argungu sai gwaggona ta kama hannuna gaban mutane ta ce, "Wagga rama hwa? Mijin naki bai ba ki tuwo?" Don kada a ci gaba da zargin bawan Allah, na shekara ina shan maganin ƙiba a ɓoye. Fuska ta kumbura, barci kamar kasa, jiki yana nan yadda yake.

Ana haka na ci karo da bidiyon wata siririya irina a waya. Kullum cewa take, "Yadda Allah ya halicce ki ya isa." Wallahi har kuka na yi. Na zubar da magungunan, na daina sa zane biyu a ƙarƙashin atamfa, na samu kwanciyar hankali.

Makon jiya na buɗe shafinta, sai ga ta ta yi ɓulɓul, riƙe da roba tana cewa, "Garin ƙiba ya iso, 'yan uwa ku gyara jikinku." Gwaggona da kanta ta turo mini lambar matar!

Hajiya, don Allah wannan ba cin amana ba ne? Ni dai ba zan koma ba. Amma ƙanwata, wadda ni na nuna mata shafin, ta riga ta sayi roba biyu. Da wane baki zan hana ta? Masu sauraro, ku ba ni shawara.