Makin da Ba Ya Goguwa

A layin rajista na wata kwaleji a birnin Toledo, wata budurwa ce a gabana, da wani dattijo sanye da kayan ma'aikatan motar asibiti.

"Ke ma maimaitawa kika zo?" in ji shi.

"Kemistiri. Makarantar mataimakan likita nake nema, makin C ya ɓata mini takarda. In na sake, ya goge."

"Ba ya goguwa, 'yata. Tsohon da sabon suke haɗawa su raba biyu. Ni A na ci shekarun baya, suka ce makin ya tsufa, sai na sake."

"To mene ne amfanin?"

"Su ga kin dawo. Me ya same ki a shekarar?"

"Jinyar mahaifiyata. Ta rasu kafin sakamako ya fito."

"Allah ya ji ƙanta. Ki rubuta musu haka, suna son irin wannan labari."

"Ba zan sayar da ciwon uwata don gurbin karatu ba, Baba."

"To sai ki ci A."

Aka kira lambarta. Ta juyo wajen dattijon.

"Wane aji kake?"

"Na yamma."

"Ka riƙe mini kujera a gaba."