Ranar da Na Fasa Tulun Iri

Ina gaishe ku, iyayena mata da ʼyanʼuwana, a cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsayar da ni a gabanku yau da ƙafafuna biyu. Uwar zumunta, na gode da kika ba ni wannan fili. Shaidata ba mai daɗin ji ba ce, amma gaskiya ce, kuma Ubangiji yana cikinta.

Sunana Rifkatu. Waɗansunku sun san ni tun ina budurwa mai surutu a ƙungiyar mawaƙa, kafin aure ya kai ni Sudan. Mijina Ayuba makanikin janareta ne. Yana aiki a wani gareji a Alshajara, kudancin Hartum, mu kuma muka kama haya a Umdurman, ƙetaren kogi. Allah ya ba mu ʼya ɗaya, Alheri. A kanta zan yi magana.

Ni ban iya zaman banza ba. Na kafa rumfa a bakin Kasuwar Libiya ina sayar da asir, wato markaɗaɗɗen ʼyaʼyan itace mai sanyi. Mangwaro, ayaba, gwaiba, a zuba a injin markaɗe da ƙanƙara, a bi su da madarar gari cokali cike har yana zuba. Ba yabon kai ba, layi ake yi mini. Madarar nan ita ce ƙashin bayan sanaʼata, da ita kuma na yaye Alheri. A lokacin, in ka ce mini akwai abin da ya fi madarar gwangwani gina jikin yaro, sai an raba mu.

Ayuba kuwa ɗan manomi ne, birni bai cire masa noma daga jini ba. ʼYar tsakar gidanmu ya mai da ita lambu: gwanda biyu, zogale a jikin katanga, kuɓewa, lalo, kabewa, da ʼyan kunyoyin gyaɗa. Ruwan wanke-wanke ba ya zubewa a banza a gidanmu. Nakan tsokane shi in ce, “Baban Alheri, mutane na zuwa birni su huta da fartanya, kai ka ƙunso taka a jaka.” Sai ya yi dariya ya ci gaba da tsugunonsa.

Duk kaka yakan zaɓi gyaɗa mafi kyau, ya zuba a tulu da toka, ya liƙe bakin da laka. Doka ɗaya ya taɓa kafa mini a zamanmu. Ya ce, “Maman Alheri, komai na gidan nan naki ne, amma iri ba a cinsa. A gidanmu ko shekarar yunwa ba a taɓa yi ba.”

Sai yaƙi ya zo.

Mun tashi wata safiya ne kawai muka ji sama na tsagewa. Aka rufe gada, Ayuba bai sake ganin garejinsu ba. Wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe. Ruwa sai wanda masu amalanken jaki suka kawo, ja wur, wata rana har da wari. ʼYanʼuwan da muke sujada tare suka watse, kowa ya bi inda ya ga hanya. Mu muka ce bari mu ɗan jira, ai ba zai daɗe ba.

Ruwan nan ne ya kayar da Alheri. Shekararta uku ba ta cika ba. Amai da zawo suka taso mata tare. Aman ya tsaya, zawon ya ƙi tsayawa. Asibitin unguwarmu a rufe, masu kantin magani sun gudu.

Me uwa za ta yi in ta ga ɗanta na ramewa? Madara! Haka na sani, haka Ayuba ya sani, haka iyayenmu suka yi da mu. Na dama mata da kauri. Ta sha, cikinta ya kumbura ya yi tauri, ta yi ta murƙususu tana kuka, sai zawo kamar an buɗe famfo. Mu kalli juna mu ce ciwon da ƙarfi yake, a ƙara mata madara ta samu ƙarfin yaƙarsa.

Wadda na ajiye ta sanaʼa ta ƙare. Muka sayar da injin markaɗe, muka sayar da firji, Ayuba ya sayar da akwatin kayan aikinsa. Duk a gwangwanin madara suka tafi. Kullum muka durƙusa, roƙonmu ɗaya ne: Ubangiji, kada ka bar madarar yarinyar nan ta yanke.

Ranar da cokali ya fara karo da gindin gwangwani na ƙarshe, Ayuba ya sa takalminsa. An ce masa ana samu a Kasuwar Libiya, a hannun masu sayar da kayan da aka kwaso daga shagunan mutane. Kowa ya san masu bindiga sun cika hanyar. Na riƙe masa riga na ce ya bari zuwa gobe. Ya kalli Alheri a kan tabarma, ya ce, “Ita za ta jira goben?” Na sake shi. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, “In na yi yamma, ki ba gwandar nan ruwa.”

ʼYanʼuwa, ganina da mijina na ƙarshe ke nan.

Mazan unguwa sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Wani ya ce an ga an loda mutane a mota a wani shinge. Wani ya ce bam ya faɗa gefen kasuwa ranar, an binne waɗanda aka tsinta a rami ɗaya. Har yau ban ga gawa ba, ban ga ko takalminsa ba.

Madara ta ƙare ƙaf. Na ɗauraye gwangwanin na ba ta ruwan. Daga nan sai ruwan da na tafasa da ɗan gishiri da sukari, sai ruwan kunu in ta yarda ta haɗiye. Gashinta ya yi ja, fatar cinyarta ta saki, idanunta suka faɗa. Ta daina ma kuka. Wannan shirun ya fi kukan tsorata ni.

Zan faɗa muku abin da ba a so a ji a majamiʼa: na daina adduʼa. Na yi fushi da Allah, fushi na gaske. Na roƙe shi madara, ya hana ni, ya kuma ɗauke wanda ya tafi nemowa. In na buɗe baki sai in ji ba ni da abin ce masa. Ganyen zogale da lalo nake dafawa in ci don kada in faɗi. Lambun kuwa ban fasa ba shi ruwa ba, ko da guntun ruwan wanke hannu ne, domin kada mai shi ya dawo ya tarar na bar masa kaya sun bushe.

Wata rana da tsakar rana na ɗaga hannun Alheri, na sake shi, ya faɗi kamar tsumma. Na sungume ta na fito tsakar gida, na zube a ƙasa mai zafi. Ba adduʼar ladabi na yi ba, ihu na yi. Na ce, “Yesu! Ga ta nan! In ɗauka za ka yi, ɗauki yanzu, kada ka ja mini rai! In kuwa bari za ka yi, nuna mini abin da zan sa mata a baki, ni dabarata ta ƙare!”

Ihun nan ne ya shigo da Hajja Asha, maƙwabciyarmu. Tsohuwa ce Musulma, cikin Hausawan can, waɗanda kakanninsu suka yada zango a hanyar Makka suka zauna. Hausarta rabi Larabci ce. Ta duƙa ta buɗe idon Alheri da yatsa.

Ta ce, “Ya bitti, ʼyata, me kike ba yarinyar nan?”

Na ce, “Madara ta ƙare, Hajja.”

Ta ce, “To don laban ya ƙare sai ki zauna ki zuba mata ido? Ina gyaɗar mijinki? Da idona na ga yana tono.”

Na ce, “Mun cinye. Wadda ta rage iri ce, ya ce ba a ci.”

Ta bi idona har kan tulun da ke lungu. Ta gane ba dokar kaɗai ke riƙe da ni ba. Muddin tulun nan na liƙe, a raina Ayuba yana hanya, zai dawo ya shuka abinsa da damina. In na fasa, na yarda ke nan.

Ta dafa kafaɗata ta ce, “Maʼalesh, ki yi haƙuri. In ya dawo ki ce ni na sa ki, ya zo ya yi faɗa da ni. Halas, magana ta ƙare, tashi ki ɗauko taɓarya.”

Na fasa lakar ina kuka kamar ranar aka kawo mini labarin mutuwarsa. Shatin yatsunsa na nan a jikin lakar.

Hajja ta raba gyaɗar biyu, ta mai da rabi cikin tulu. Sauran muka ɓare, muka ɗan gasa sama-sama, muka murje jan ɓawon. Na daka a turmi har ta yi laushi, muka dama da tafasasshen ruwa, muka tace da wankakken ɗankwali, muka sake ɗora ta a wuta. Sai ga ta fara sol! Akwai gwanda ɗaya da ta nuna a bishiya. Na tsinko, na murje ta da bayan ludayi a cikin madarar. Duk shekarun da na yi ina haɗa asir ban taɓa yin mai munin gani irin wannan ba, babu sanyi, babu ƙanƙara.

Na ɗiga mata a baki da ƙaramin cokali. Ta haɗiye. Na ƙara. Na zauna na ɗora tafin hannuna a cikinta ina jiran kumburin da na saba gani. Rana ta yi sanyi, ciki bai kumbura ba. Washegari ma haka. Kafin mako ya zagayo zawon ya fara ɗaurewa. Wata safiya ina wanke kofi na ji ʼyar murya a bayana: “Mama, ƙari.”

Halleluya! ʼYanʼuwa, ku taya ni cewa Halleluya!

Da ruwan sama ya sauka na shuka rabin da ya rage, yadda na sha ganin Ayuba na yi. Kafin ta nuna, Hajja ta riƙa kawo mini riɗi. Shi ma in ka jiƙa ka daka ka tace, madara yake bayarwa, sai dai da ɗan ɗaci, dabino ɗaya ke kashe shi. Wata rana in dama da garin ʼyaʼyan kuka, wata rana da dafaffiyar kabewa. Kasuwa ta gagari kowa, amma mu miyarmu na bakin ƙofar ɗaki. Matan layinmu suka fara shigowa, wannan ta yanki reshen zogale, waccan ta roƙi ʼyaʼyan kuɓewa. Har a tsofaffin bokitai da tayoyi aka yi ta shuka.

Da abubuwa suka ɗan lafa, masu agaji suka buɗe wurin duba yara a wata makaranta. Na kai Alheri tana tafiya da ƙafarta. Nas ɗin ta tambaye ni yadda ciwon ya fara, na ba ta labari tun daga farko. Ta ajiye abin awon da ke hannunta, ta ce, “Maman yarinya, wasu yaran in zawo mai tsanani ya wanke musu hanji, cikinsu kan daina karɓar madarar shanu na wani lokaci. Duk kofin da aka ba su, sabon zawo ne. Yankewar madarar nan ta taimake ta.”

Na zauna a ƙasa a gaban mutane.

Abin da muka sayar da kayanmu muka saya, abin da muka durƙusa muna roƙo kada ya yanke, abin da Ayuba ya sa takalmi ya fita nema, shi ne ke cinye mana ʼya. Da ya dawo da gwangwanin nan a hannu, da na dama mata da kauri, ina godiya ga Allah.

Ba na cewa kowa ya je ya zubar da madarar gidansa. Nas ɗin ma ta ja mini kunne cewa jariri nonon uwa yake bukata, kuma yaro in ya kama zawo a nemi asibiti. Abin da nake cewa shi ne, na roƙi abu da hawaye, Ubangiji ya ce aʼa, kuma a cikin aʼar nan ran ʼyata yake. Me ya sa bai buɗe mana ido ba tun kafin Ayuba ya fita? Ban sani ba. Na tambaye shi har na gaji, bai ba ni amsa ba tukuna. Ba zan tsaya a ɗakin Allah in yi muku ƙaryar cewa na gane ba.

Daga baya hanya ta samu, muka fito, na bar wa Hajja Asha lambun. Ku riƙa sa ta a adduʼa, ita tana can.

Alheri na cikin ajin yara yanzu haka, ku leƙa za ku ga mai ƙiba ɗin nan da ta fi kowa ɗaga murya. Abin da ta sani shi ne babanta ya tafi kasuwa. Kwanan nan ta fara tambayata, “Me ya je saye?” Ku roƙa mini hikima, iyayena, domin ranar na zuwa da zan gaya mata, kuma ba na so ta ɗauki nauyin a kanta.

Na gode wa Yesu da ya ji ihun mace mai fushi, bai juya mata baya ba. Na gode masa domin ʼyata. Ke da kike nan kina roƙon abu shekara da shekaru, ƙofa ta ƙi buɗuwa, kada ki saki hannunsa. Yi kukanki, yi faɗanki, amma a gabansa za ki yi. Ni ma ban gama nawa kukan ba, kuma ga ni a tsaye.

Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.