Ranar da Gadar Hollinby Ta Sake Tsayawa

Shugabar wannan taro, Uwargida Prudence Tranter. Mai girma limamin cocinmu, Rabaran Keeling. Wakilan ƙaramar hukuma. Dattawanmu maza da mata. Jama'ar Hollinby manya da yara, ina gaishe ku gaba ɗaya. Ina kuma godiya da kuka ba ni, Alwyn Garside, wanda ya tsufa yana kiwon tumaki a kan tuddan nan, damar cewa wani abu a wannan rana.

Da farko, mu tuna abin da muka gada. Mun gaji coci mai hasumiyar da ta karkace tun zamanin kakanni, ta kuma ƙi faɗuwa. Mun gaji gidan niƙa wanda ruwan rafi ke juya dutsensa. Mun gaji wannan gada, wadda fataken ulu suka gina domin dawakansu. Ta kanta aka kai mu baftisma, ta kanta muka wuce ranar aure, ta kanta kuma ake raka mu makwancinmu.

Na biyu, mu tuna abin da ya same mu. Ambaliyar hunturun bara ta rushe gadar, ta bar gidajenmu a wannan tsallake, coci da maƙabarta a wancan. Hukuma ta yi alkawarin gadar ƙarfe, amma sai bayan wasu shekaru. Muka taru a zauren gari muna ta gardama, har Inna Hester Ludd ta miƙe da sandarta. Kun san kowace Lahadi takan kai furanni kabarin mijinta Enoch, kun kuma san ƙafafunta ba za su iya zagayen kan tudu zuwa wancan tsallake ba, inda mota ba ta hawa.

Ta ce, "Ku yi ta surutunku. Ni dai na kusa tafiya wurin Enoch, kuma ba da iyo za ku kai ni ba."

Na ce, "Haba Inna, ke da za ki binne mu duka?"

Ta ce, "Rufe mini baki, Alwyn. Duwatsun gadar suna nan cikin ruwa, ba Landan suka tafi ba. Ko tsoron jiƙa wando kake yi?"

Jama'a, washegari muka shiga rafi. Masu tarakta suka ja, masu ƙarfi suka ɗaga, mata suka kankare gansakuka, hukuma ta turo mana magina da izini. Har Rabaran ya zame ya faɗa ruwa, ya fito yana cewa abin da ba zan maimaita ba a gaban yara. Da Inna Hester ta kwanta ciwo a tsakiyar aikin, sai kowa ya ƙara hanzari.

Na uku, abin da idanunku suka gani yau da safe. Inna Hester ce ta fara ƙetare gadar, da ƙafarta, da furanninta. Da ta kai tsakiya ta tsaya, ta ƙwanƙwasa dutsen da sandarta, ta dube ni ta ce, "Ba laifi. To yanzu kuma ba na sauri, Enoch ya jira."

Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya jiƙan waɗanda ke kwance a wancan tsallake, Ya albarkaci hannuwan da suka yi aikin nan, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.