Barewar da Akuyata Ta Shayar

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ina gaishe ka da aiki, tare da masu sauraro baki ɗaya. Daga wata ruga kusa da Roni nake rubuto maka, hankalina a tashe.

Da ranin da ya wuce mafarauta suka kashe wata barewa a bayan dutsenmu, suka bar 'yarta tana kuka cikin sabara. Na ɗauko ta na haɗa ta da jar akuyata, wadda ɗanta ya mutu. Da ta kama shan nono, sai na tsaga mata kunne irin shaidar gidanmu, kamar yadda muke yi wa kowace dabba. Wallahi ban kawo komai a raina ba.

Yanzu na ji a rediyo an hana riƙe namun daji a gida, kuma sabon gidan namun daji na Kano yana karɓar ƙanana. Maƙwabcina ya ce, "Sale, tsagar nan ita za ta ɗaure ka. Malamin daji zai ce kai ka kashe uwar." Ga shi an gama girbi, an fara kaɗa gangar farauta, karnuka kuwa ba su san shaida ba. Na kori barewar zuwa daji, amma kafin magariba ta dawo garke.

Malam, don Allah ka tambayar mini masu gidan nan: za su karɓi barewa mai tsagaggen kunne? In za su karɓa, su yarda in haɗa musu da akuyar, don ba ta barci sai a jikinta.

Naka, Sale.